Yauƙin da Ya Toshe Bututu

Kwamin wanke-wanke na ɗakin binciken ƙasa ya toshe tun kafin damina, kuma babu wanda abin ya dama. An ajiye bokiti a ƙarƙashinsa, an manna takarda a bango mai cewa "A yi haƙuri", shi ke nan an gama gyara. Manyan masu ilmi su zo su wanke kwanonin ƙasa a ciki, su tsaya suna kallon ruwan yana sauka kamar ana roƙonsa, su goge hannu su tafi shan shayi. In ka yi magana a ce an rubuta wa sashen gyare-gyare. In ka ƙara magana a ce haka aka tarar da shi.

Mutum ɗaya ce take ƙara maganar. Ita ce ƙarama a cikin masu binciken, kuma tun makon da ta kama aiki aka sa mata suna Barkono. Ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Cewa take yi gara a ji ta a harshe da a manta an zuba ta a miya.

Aikinta a kan tumatir yake. Kakanta yana da lambu a bayan gidansu, kuma akwai wata kusurwa a lambun da tumatir ba ya yaushi, ko da ciwon ya kwantar da na maƙwabta gaba ɗaya. Barkono ta san abin da masana suka gano: ƙasa cike take da bakteriya iri-iri, ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma wasunsu sukan taru a jikin saiwa su saƙa mata wata siririyar riga ta yauƙi. In rigar ta kama da kyau, ƙwayar ciwon yaushi takan rasa ƙofar shiga. Don haka ta ɗebo ƙasar kusurwar a leda, ta shiga rarrabe bakteriyar da ke ciki, kowane iri a nasa farantin gilashi mai murfi.

Haka dokar ɗakin take. Farfesa, shugaban sashen, yana faɗa wa duk sabon zuwa kafin ma ya nuna masa kujerarsa: faranti ɗaya, iri ɗaya. Duk farantin da aka ga iri biyu sun tsiro a cikinsa ƙazanta ne, ranar sharar ƙarshen mako a jefa shi cikin tukunyar tururi a dafe. Barkono ta fi kowa iya wannan tsabta. Ta ware iri da dama, ta zaɓi uku da suka fi yawa a ƙasar lambun ta raɗa musu suna. Akwai Fara, mai saurin cika faranti. Akwai Rawaya, mai wani ɗan wari kamar jiƙaƙƙen buhu. Sai wata mai jinkirin tsiro da ta kira Malalaciya. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a saiwar tumatir, babu wadda ta yi riga. Shukokin da ke kan bencinta a rumfar gilashi suka yi ta langaɓewa kamar na kowa.

Wata safiya Farfesa ya same ta a rumfar tana cire matattun shuke-shuke. Ya tsaya yana juya makullin motarsa a yatsa.

"Malama, ya aikin?"

"Yana tafiya, ranka ya daɗe."

"Ina ganin inda yake tafiya," in ji shi, yana duban kwandon shara. "Ƙarshen wata za mu yi baƙi daga hedikwata. Ana son a jera tukwanen furanni a nan, wurin ya yi kyan gani. Bencinki ne ya fi kusa da ƙofa."

"Furanni?"

"Furanni. Ke kuma ki koma ciki ki taya Dogo bincikensa na takin gona. Kin yi ƙoƙari, 'yata, amma abu ya ƙi."

"Farfesa, manoma suna asarar tumatir, mu kuma za mu shuka furanni don baƙi su ɗauki hoto?"

"Da furanni da babu furanni, naki tumatirin ma mutuwa yake yi." Bai faɗa da mugunta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. "Ki nuna mini riga a saiwa kafin ƙarshen wata, benci naki ne. In ba haka ba, a kwashe."

Ta koma ɗakin bincike da tukwane biyu a hannu, zuciyarta tana tafasa. Babu benci, babu gwaji, babu gwaji kuwa aikin shekarunta ya zama hira. Ta juye ƙasar, ta kai tukwanen kwami ta buɗe famfo. Ruwan ya taru, ya yi laka, ya ƙi sauka ko kaɗan. Ta tsaya tana kallonsa, sai ta ga ai ta zama ɗaya daga cikin masu kallo.

"Dogo, ba ni sifana."

Dogo, abokin aikinta mai binciken taki, yana can ƙarshen ɗaki yana auna wani gari a sikeli. Bai ɗago ba.

"Wa za ki kwance wa kai?"

"Wannan kwamin. Na san kana da sifana a babur ɗinka."

"An fa rubuta wa sashen gyare-gyare."

"In ka ƙara faɗa mini an rubuta, kai zan fara kwancewa."

Ya fita yana dariya ya dawo da sifanar. Ta sa safar hannu, ta naɗe farar rigarta, ta durƙusa ƙarƙashin kwamin. Ƙarfen ya yi gardama, ta danne shi da hannu biyu har ya saki. Ruwan laka ya zubo cikin bokiti, warin ya cika ɗakin, Dogo ya ja baya yana toshe hanci da gwiwar hannu.

"To, kin gyara mana. Yanzu ba kwami kaɗai ba, ɗakin ma ba ya shiguwa."

Ta ɗaga lanƙwasasshen bututun da ta ciro ta leƙa cikinsa ta wajen hasken taga. Ba laka ce ta toshe shi ba. Wani yauƙi ne mai kauri ya lulluɓe cikinsa ko'ina, ruwan ƙasa-ƙasa, mai santsi. Ta sa yatsa ta ja, ya biyo ta kamar fatar da ke kan dafaffiyar madara, bai tsinke ba. Ta kai shi ƙarƙashin famfon wani kwami da ke waje ta sakar masa ruwa da ƙarfi. Ko gezau.

"Dogo, zo ka gani."

"Na gode, na ƙoshi."

"Zo mana. Me ake zubawa a kwamin nan?"

"Ruwan wankin ƙasa. Me kuma? Farantai ai tukunyar tururi suke tafiya."

"Ƙasar kowa. Tawa, taka, ta Farfesa, duk a cakuɗe." Ta zauna daɓas a kan siminti, bututun a cinyarta. "Na shekara ina lallashin Fara ta yi mini riga a faranti mai tsabta, ta ƙi. Ga riga nan ta toshe mana bututu, muna ajiye mata bokiti."

Ta lakato ɗan yauƙin ta shafa a gilashi, ta sa a na'urar da ke ƙara girman ƙananan halittu. Abin da ta gani ya sa ta dariya ita kaɗai. Ba iri ɗaya ba ne. Ga dogaye kamar 'yan sanduna, ga gajeru, ga masu zagaye, duk sun cunkushe cikin yauƙin kamar fasinjojin motar kasuwa, wasu a sama wasu a ƙasa, har da 'yan hanyoyin ruwa a tsakaninsu.

Dogo ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wato kin raba su da 'yan uwansu, kin kulle kowace a ɗakinta, kina mamakin sun ƙi aiki."

"Ba ni kaɗai ba. Dokar gidan nan ce."

"Ni dai ban ji ba, ban gani ba," in ji shi. Amma da ta fara jera 'yan kwalaben gwaji, shi ya ɗauko mata wani katakon jerawa daga kabad, ya kuma mayar da bututun da kansa bayan ta kankare shi.

Ba ta taɓa yauƙin kwamin a gwajinta ba, don babu wanda ya san abin da ke cikinsa. Nata ukun ta ɗauko. Ta zuba kowace ita kaɗai a kwalba, sannan ta haɗa su bibbiyu, sannan ta zuba duka ukun a kwalba guda. Ta sa su a akwatin ɗumi. Da suka kwana biyu ta zubar da ruwan, ta ɗauraye, ta zuba musu rini mai launin shunayya. Rinin yana kama yauƙi ne kawai, in babu yauƙi a jikin gilashi sai ya wanke tas.

Kwalaben ɗaiɗaiku suka fito fes, kamar ba a zuba musu komai ba. Ta Fara da Rawaya ma haka, kuma da ta duba a na'ura ta ga Rawaya ta kusa cinye Fara. Ta Fara da Malalaciya ta yi ɗan zobe mai haske. Da ta ɗaga ta ƙarshe, mai duka ukun, sai ta ga shunayya ta rufe gilashin har ba a hango yatsanta ta ɗaya gefen.

Ta yi ta zagaya teburin da kwalbar a sama, tana taka wata rawa da babu kiɗan da zai yarda da ita.

"Ki sauke kafin ki rina mana silin," in ji Dogo. "Wace ce ta yi aikin?"

"Malalaciya. In babu ita, waɗancan biyun faɗa suke yi. In tana nan sai su zauna lafiya su yi gini."

"Malalaciya ce mai sulhu? To ni ma daga yau a daina zagina."

Da yamma ta isa gida ta wuce lambu kai tsaye. Kakanta yana zaune a kan juyayyen bokiti yana ɗaure tumatir a jikin sanda. Shi yake yi mata renon dashen da take gwaji da shi, yana kuma yi mata tsiya kyauta.

"Likitar ƙasa, an dawo? Yau nawa kika kashe?"

"Kaka, dashe nake so, masu ƙarfi, duk tsawonsu ɗaya."

"Na ba ki 'ya'yana kina kai su asibitinki suna mutuwa. Ni da ban yi boko ba nawa suna nan da ransu."

"Ai ba kai kake raya su ba, tsoho. Ma'aikata gare ka a ƙarƙashin ƙasa, ba ka ma san su ba."

"Ma'aikata? To kada ki faɗa musu ana biyan albashi."

Ummanta ta leƙo daga ƙofar kicin tana yamutsa fuska. "Wannan warin fa? Ke, a ina kika shiga?"

"Bututu na kwance shekaranjiya, Umma, warin ya kama rigar aikina."

"Duk karatun nan ashe gyaran famfo aka koya miki. To na bayan gida ma yana ɗiga."

Kakan ya zaɓo mata dashen da kansa, yana ɗaga kowanne yana dubawa, ya jera su a kwali. Da zai miƙa mata ya riƙe kwalin bai saki ba.

"In waɗannan suka rayu, ki kawo mini ma'aikatan nan. Ƙasan lambun can wajen katanga ba ya yi mini tumatir."

Washegari ta jiƙa saiwar rabin dashen a ruwan da ta haɗa ukun, ɗaya rabin a ruwan Fara ita kaɗai, ta dasa su layi biyu a bencinta. Da suka kama ƙasa ta zuba wa duka layukan ƙwayar ciwon yaushi daidai wa daida. Sauran aikin jira ne, kuma jira ba ya cikin abubuwan da ta iya.

Ranar shara ta zo tana rumfa tana ba da ruwa. Dogo ya leƙo yana haki.

"Ki zo, Farfesa ya buɗe akwatin ɗumi."

Ta tarar da shi tsaye gaban tukunyar tururi, murfin a buɗe, katakon kwalabenta a hannunsa. A cikinsu har da haɗin da take renonsa don ƙara wa shukokin. Ya ɗaga kwalba ɗaya yana karanta abin da ta rubuta a jiki.

"Fara, Rawaya, Malalaciya. Malama, iri uku a kwalba ɗaya? Da gangan?"

"Da gangan, ranka ya daɗe."

"Ke da nake ba da misali da tsabtarki."

"Farfesa, a ƙasa wa yake raba su? Ka taɓa ganin saiwar da bakteriya iri ɗaya ta zauna a kanta ita kaɗai? Mun ɗauko su daga gari mun kai su kurkuku, muna rubuta cewa ba su iya komai ba. Shekara nawa ana dafa farantai a tukunyar nan? Wa ya san abin da muka dafe?"

Dogo ya shiga goge teburin da ya riga ya goge.

Farfesa ya ajiye katakon a gefen tukunyar, bai sa a ciki ba, bai kuma mayar ba. "Kin gama? To ji. Ba don ƙyanƙyami na kafa dokar nan ba. In kin cakuɗa abu ya yi aiki, wa ya yi aikin? Gobe ki sake haɗawa ya ƙi, me za ki ce wa manomi? Na ga masu zuba ruwan kwata a gona su ce sun gano magani."

"Ai shi ya sa ban ɗauki na bututu ba. Waɗannan ukun na san su ɗaya bayan ɗaya, don dokarka ta sa na ware su. Na san abin da kowace take yi ita kaɗai: babu. Na san abin da suke yi bibbiyu. Ga na uku." Ta buɗe aljihun tebur ta fito da rinannun kwalaben ta jera masa a gaban taga, daga fara tas har zuwa mai shunayya. "Na maimaita, haka ya sake fitowa. Rabawar ba laifi ba ce, Farfesa. Tsayawa a kanta ne laifin."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗauki mai shunayyar ya juya ta a haske.

"Gilashi ba saiwa ba ne," in ji shi a ƙarshe.

"Saiwar tana rumfa."

"Ƙarshen wata dai yana nan inda yake." Ya rufe tukunyar tururin. "Ki rubuta musu babban suna a jiki, kada wani ya dafa su bisa kuskure."

Kwanakin da suka biyo baya Barkono ta kusa tarewa a rumfar. Layin Fara ya fara sunkuyar da kai da rana, ya ɗan farfaɗo da safe, sannan ya daina farfaɗowa. A ɗaya layin ma shuka biyu suka langaɓe, ranar ba ta yi wa kowa magana ba, ko Dogo bai yi gigin tsokanarta ba. Amma sauran suka tsaya. Ganyensu ya yi duhu, suka fara neman sandar jingina.

Ana saura kwana kaɗan baƙi su zo, motar furanni ta iso. Direban ya fara sauke tukwane a bakin rumfa, ja da fari da ruwan hoda. Farfesa ya biyo bayansa, ya shiga ya tsaya gaban bencin. Ya dubi layin da ya kwanta, ya dubi wanda yake tsaye.

"Tumɓuke mini ɗaya," ya ce. Da ta kai hannu ya tare ta. "A'a, ni zan zaɓa."

Ya zaɓi wadda take can ƙarshen layin da yake tsaye, ya zare ta daga tukunya a hankali, ya karkaɗe ƙasar. Ƙasar ba ta zube duka ba, ta manne wa saiwar kamar an shafa mata danƙo. Ya kai ta ɗakin bincike da kansa, Barkono da Dogo suna binsa a baya. Ya ɗauraye saiwar, ya yanki ɗan siriri, ya ɗiga rini, ya zauna gaban na'urar da ya daɗe bai zauna gabanta ba. Ya yi ta murɗa maɓallin yana gyara gani.

Dogo ya matso yana leƙe ta bayan kafaɗarsa.

"Kai," in ji Farfesa a hankali, idonsa yana kan na'urar. "Ta rufe ta ruf. Har kan 'yan gashin saiwar." Ya ɗago, fuskarsa ta koma ta ɗalibi. "Ɗauko mini ta wancan layin in kwatanta."

Ta ruga ta kawo. Saiwar layin Fara tsirara take, ta yi ruwan ƙasa daga ciki. Ya duba wannan, ya koma waccan, ya sake komawa.

Direban ya leƙo ta ƙofa. "Yallaɓai, a ina zan jera furannin?"

"Kai su bakin ofis, ai nan baƙin za su fara tsayawa." Ya juyo wajen Barkono. "Benci ɗaya ba zai ishe ki ba. Biyu sun mutu a layin nan, ina son in san dalili. Kuma sauran irin da kika ware suna nan?"

"Suna cikin firij, ranka ya daɗe."

"Kowace a ɗakinta," in ji Dogo.

"Kai kuma ka kwashe buhunan takinka daga benci na biyu, ka ba ta." Farfesa ya miƙe ya ɗauki farar riga daga ƙugiya, ya sa hannu ɗaya ya tsaya. "Da kika haɗa su, wace kika fara zubawa?"

"Tare na zuba su."

"To in Malalaciya ta riga su isa saiwar fa? Ko ta zo a ƙarshe, bayan an fara faɗan?"

Ba ta taɓa tunanin wannan ba. Ta ji daɗin tambayar har cikin ƙashinta, ta juya tana neman kwalabe masu tsabta. Farfesa ya ƙarasa sa rigar, maɓallan suka ƙi haɗuwa a kan cikinsa, ya bar ta a buɗe ya jawo kujera kusa da tata.